Gurbin Babban Yatsa a Jikin Ƙota: Nazarin Matsi, Zamewa da Cinyewar Mariƙi Daga Sandar Golf Zuwa Fartanyar Manoman Zinyau

Tsakure

Takardar tana nazarin kwarmin da babban yatsa kan bari a jikin mariƙin kayan aiki, ta hanyar kwatanta sandar wasan golf da ƙotar fartanyar manoman Zinyau da kewayenta a ƙananan hukumomin Rano da Kibiya. Matsayinta shi ne, wannan kwarmi shaida ce ta zamewar yatsa a ƙarƙashin matsi, kuma zamewar ta fi samo asali daga rashin dacewar mariƙi da hannu fiye da yadda take samo asali daga ƙarfin mai riƙon.

1.0 Gabatarwa

Tsohuwar ƙota ba ta cinyewa bai ɗaya. Wani sashe nata yakan zauna da kaushinsa kamar yadda gizagon masassaƙi ya bar shi, wani ya yi duhu da sheƙi, sannan a wasu ƙotocin a sami ɗan kwarmi mai tsawon gaɓar yatsa daidai inda babban yatsa ke kwanciya. Irin wannan kwarmi ne masu koyar da wasan golf ke dubawa a jikin robar da ke lulluɓe da mariƙin sanda, da kuma safar hannun ɗan wasa, su yanke hukuncin cewa yana matse sanda fiye da kima. Manufar wannan takarda ita ce ta auna wannan hukunci, ta kuma gwada shi a kan kayan aikin da ya fi shi yawan masu riƙo nesa ba kusa ba, wato fartanya.

An zaɓi Zinyau, ɗaya daga cikin mazaɓun ƙaramar hukumar Rano, da maƙwabtanta na Kibiya, saboda yanki ne da ake noman damina na dawa da gero da masara da gyaɗa da wake, ga kuma noman rani a sassan ƙasar Rano tun bayan kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974 da tafkin Ruwan Kanya da ke samun ruwa daga gare ta. Wannan ya sa hannun manomi kan riƙe ƙota a yanayi biyu masu hannun riga: zufar damina da bushewar hunturu. Dalilin jawo golf kuwa, duk da cewa filayensa a Arewa suna birane irin su Kano da Kaduna da Jos, shi ne a wannan wasa ne aka kashe kuɗi da lokaci wajen auna ƙarfin kowane yatsa da na'ura. Abin takaici ne a ce wasa ya sami wannan kulawa alhali kayan aikin da ke ciyar da miliyoyin mutane bai samu ba, amma tunda ilimin ya samu, babu laifi a aro shi.

2.0 Bitar ayyukan magabata

John Napier, masanin ƙirar jiki ɗan ƙasar Ingila, ya kasa riƙon hannun ɗan'adam gida biyu a maƙalarsa ta 1956. Akwai wanda za a kira riƙon ƙarfi, inda yatsu huɗu ke danne abu a cikin tafi babban yatsa kuma ya rungume su, da riƙon saiti, inda kan yatsu da babban yatsa ke sarrafa abu. Ya lura cewa a cikin riƙon ƙarfi ma, idan aka miƙe babban yatsa a tsawon mariƙi ana ƙara saiti amma ana rage ƙarfi. Roland Johansson da Göran Westling na Jami'ar Umeå a ƙasar Suwidin sun nuna a 1984 cewa hannu yana daidaita matsinsa da santsin abin da ya riƙe ba tare da mutum ya yi tunani ba: yana ƙara matsi a kan abu mai santsi, yana rage shi a kan mai kaushi, kuma kullum yana barin ɗan ƙari a kan abin da ake buƙata don hana suɓucewa. Wannan ƙari shi takardar za ta riƙa kira rarar kariya. A fannin injiniyanci, J. F. Archard ya kafa a 1953 ƙa'idar da har yau ake farawa da ita a nazarin zaizayewa, cewa yawan abin da ke cinyewa yana tafiya ne da nauyin da aka ɗora, a ninka shi da nisan gogayyar da aka yi, a raba da taurin abin da ake gogawa.

A ɓangaren golf, Ben Hogan ya koyar a littafinsa na 1957 cewa ƙarfin riƙo ya kamata ya zauna a yatsu uku na ƙarshe na hannun hagu da biyu na tsakiya na hannun dama, ya kuma ja kunne game da babban yatsa da manuniya na dama, har ya ba da shawarar a riƙa atisaye an ɗage su daga sanda. D. R. Budney ya auna matsin riƙo da na'ura a 1979. Daga baya Komi da Roberts da Rothberg na Jami'ar Loughborough sun ruwaito a 2008 cewa kowane ɗan wasa yana da salon matsinsa da yake maimaitawa bugu bayan bugu, wanda ya bambanta da na abokin wasansa. Za a kira wannan tambarin riƙo.

Ayyukan da suka shafi kayan noman Hausa sun bi wata hanya daban. Polly Hill a nazarinta na Batagarawa (1972), da Claude Raynaut a kan kayan noman yankin Maraɗi (1984), da Philip Jaggar a kan maƙeran birnin Kano (1994), sun yi bayanin ire-iren kayan aikin, da masu yin su, da matsayinsu a tattalin arziki. Hankalinsu ya fi karkata ga ruwan fartanya da maƙerin da ya ƙera shi da tsarin aikin gona. Inda fata ke haɗuwa da itace shi ne gurbin da wannan takarda ke son shiga.

3.0 Hanyar nazari

An bi hanyar kwatance bisa ƙa'ida. An ɗauki sakamakon Archard da na Johansson da Westling a matsayin ma'auni, aka fitar da abin da ya wajaba a gani a jikin mariƙi idan sun inganta, sannan aka daidaita shi da siffofin fartanya da garma da sungumi da yadda ake aiki da su a shuka da noman firi da maimai da huɗa. Karanta tarihin aiki daga gurbin da ya bari a jikin kayan aiki hanya ce da masanin kufai ɗan ƙasar Rasha Sergei Semenov ya shimfiɗa a 1957 don kayan dutse da ƙashi, a nan kuma an karkatar da ita zuwa itace da roba.

4.0 Nazari

4.1 Matsi da zamewa

Abu na farko da ƙa'idar Archard ke tilastawa shi ne, idan nisan gogayya sifiri ne to cinyewa ma sifiri ce, kome girman nauyin. Yatsan da ya danne ƙota ya zauna daram a wuri ɗaya ba zai ci ta ba. Zai iya lotsa roba na ɗan lokaci, zai iya shafa wa itace maiƙo ya yi duhu, amma ba zai kwashe komai daga jikinsa ba. Kafin kwarmi ya fito sai yatsa ya motsa alhali yana danne, ko da motsin bai kai kaurin zare ba, kuma sai an maimaita shi sau dubbai. Wannan ƙaramin motsi shi ne zamewar ɓoye, domin mai riƙon ba ya jin ta a matsayin suɓucewa.

A wasan golf an san wurare biyu da take faruwa. Na farko shi ne ƙarshen ɗaga sanda, lokacin da take tsayawa a sama ta juya ta nufo ƙasa. A nan babban yatsan hagu ne ke ƙarƙashin sanda yana tallafe ta, kuma idan yatsu uku na ƙarshe suka ɗan saki, sandar takan motsa, ɗan wasa ya sake damƙe ta a kan hanyar sauka. Na biyu shi ne lokacin bugu. Kan sandar ƙwararru yakan yi gudun kusan kilomita 180 a sa'a, haɗuwarsa da ƙwallo kuma ba ta wuce kimanin rabin kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Idan bugun bai sauka a tsakiyar fuskar sanda ba, sandar tana murɗawa a cikin hannu. Martanin jijiyoyi ga zamewa, duk da saurinsa, yana ɗaukar ninkin wannan lokaci sau da yawa, saboda haka hannu ba ya iya gyara komai a yayin bugun. Sai dai ya yi tanadi tun kafin ya zo, ta hanyar ƙara rarar kariya. Ke nan ɗan wasan da robarsa ta yi kwarmi yana iya kasancewa mai matsi ne da gaske, amma matsin nasa amsa ce ga sandar da ke motsi a hannunsa.

Fartanya ta fi sandar golf bayyana wannan lamari, domin kowane sara yana da matakai uku masu jan ƙota ta fuskoki daban-daban: saukar ruwa a ƙasa yana tura ƙota baya cikin tafi, jan ƙasa yana fizgar ta gaba, ɗagawa kuma yana karkatar da ita. Ɗan golf ba kasafai yake kai bugu ɗari a zagayen ramuka 18 ba idan ya iya wasa, kuma wani kaso mai yawa daga ciki turi ne a hankali. Manomin da ya shiga gona da sassafe ya tashi da azahar ya yi sara dubbai. A ƙasa mai tsakuwa da burji, irin wadda ake samu a gindin duwatsun ƙasar Rano, ruwan fartanya yakan ci karo da dutse ko saiwa ta gefe guda, ƙotar ta murɗa daidai yadda sandar golf ke yi idan bugu ya kauce.

4.2 Abin da ke sa yatsa zamewa

Abubuwa uku ne suka fi tasiri, kuma biyu daga cikinsu a jikin kayan aikin suke. Na farko kauri. Binciken dacewar kayan aiki da jiki ya daɗe da tsayawa a kan cewa mariƙin riƙon ƙarfi ya fi dacewa idan kaurinsa yana tsakanin santimita 3 zuwa 5, gwargwadon girman hannu. Ƙotar da ta yi siriri tana sa yatsu su nutse cikin tafi ba tare da sun kama itace sosai ba, sai babban yatsa ya karɓi aikin da ba nasa ba. Wadda ta yi kauri kuma tana hana yatsu zagayewa, riƙon ya zama a buɗe. A gidan da fartanya ɗaya ke yawo tsakanin maigida da matashi da yaron da aka fara koya wa noma, ba yadda za a yi kauri ɗaya ya dace da kowa. Na biyu zaman ruwa a kan ƙota. A fartanyar da ake soka wutsiyar ƙarfe cikin kan ƙota, idan ramin ya buɗe ruwan ya fara girgiɗi, ko aka kafa shi a karkace, kowane sara yana zuwa da murɗa, hannu kuma ya biya da ƙarin matsi. Manomin da ke tsoma kan fartanya a ruwa don itacen ya kumbura ya kama ƙarfe yana maganin wannan matsala ne, ko da bai danganta ta da ciwon yatsansa ba.

Na uku shi ne danshi, kuma a nan dabarar manoma ta riga binciken ɗakin gwaji. An tabbatar cewa kamun fata a kan abu yana ƙaruwa da ɗan danshi kaɗan, yana raguwa idan fata ta bushe ƙayau ko ta jiƙe sharkaf. Mai noman rani da ke tofa yawu a tafi da sanyin hunturu yana neman danshin da ya rasa. Mai maimai a watan Agusta da ke goga tafinsa da busasshiyar ƙasa yana rage wanda ya yi yawa. Dukansu suna neman tsakiya ɗaya. Sai dai dabara ta biyu tana da farashi, kamar yadda za a gani a 5.0.

Daga nan ne al'amarin ke zama da'ira. Zamewar ɓoye tana goge kaushin mariƙi, santsi ya ƙaru. Santsi yana sa hannu ya ƙara rarar kariya. Ƙarin matsi a kan yatsa mai motsi yana hanzarta cinyewa. Masu yin robar sandar golf suna ba da shawarar a sauya ta kusan duk shekara ga mai yawan wasa, kuma ko da an cire son ciniki daga shawarar, tushenta ingantacce ne. Jiki ma yana biyan nasa kason. Bororo da kanta su ne na fili. Na ɓoye shi ne kumburin kuben jijiyoyin da ke motsa babban yatsa ta gefen wuyan hannu, wanda likitan ƙasar Suwizalan Fritz de Quervain ya bayyana a 1895, kuma an san shi a tsakanin masu maimaita riƙo tare da karkata wuyan hannu, har da 'yan golf.

4.3 Fartanya, garma da sungumi

Rabon Napier yana ba da damar hasashen inda kwarmi zai fito. Noman firi aiki ne na saiti: shuka tana ƙarama, ciyawa ta tsiro a gindinta, kuskuren faɗin yatsa biyu yana sare gero. Dole manomi ya nemi iko da bakin fartanya, abin da ke jan babban yatsa ya miƙe a bayan ƙota, nauyi ya taru a wuri ɗan ƙarami. Huɗa da garma aiki ne na ƙarfi, hannu biyu, yatsa a rungume, nauyi ya bazu a tafi. Abin da ya kamata a gani a nan sheƙi ne mai faɗi. Sungumi kuwa doguwar ƙota gare shi, ana aiki da shi a tsaye ana tafe, nauyinsa ne ke sara, riƙonsa sakwa-sakwa. Saboda haka kwarmin babban yatsa ya fi zama alamar fartanyar noma, kuma samunsa a jikin garma ishara ce cewa kaurin ƙotar ko zaman ruwanta yana da matsala.

5.0 Sukar da za a iya yi

Suka ta farko mai ƙarfi ce. Za a ce fata ta fi itace taushi, balle itace irin marke ko aduwa ko ƙirya da masassaƙa ke so saboda taurinsu, kuma bisa ƙa'idar Archard ɗin kanta mai taushi ne ya kamata ya cinye. Amsar tana da fuska biyu. Fata tana cinyewa da gaske, amma tana sabunta kanta tana kuma yin kanta, itace kuwa abin da ya rasa ya tafi. Mafi muhimmanci, ba fata ce ke yankan itacen ba. Tsakanin yatsa da ƙota akwai ƙwayoyin yashi da zufa ta manna, waɗanda taurinsu ya wuce na kowane itace, har ya kan wuce na ƙarfen da aka ƙera ruwan fartanya da shi. Yatsa yana riƙe su ne yana jan su a kan itace kamar yadda kafinta ke jan samfefa. Wannan ya sa ƙasar da manomi ke gogawa a tafi don maganin zufa take ƙara masa kamu a yau, take kuma cin ƙotar ta mayar da ita mai santsi a gaba. A golf ma ƙura da yashi da maiƙon hannu suna taka rawa irin wannan, shi ya sa ake wanke roba.

Suka ta biyu daga manoman kansu za ta fito: tsohuwar ƙota ta saba da hannu, kuma ba kowa ke yarda ya ba da aron tasa ba. Wannan gaskiya ce, kuma dokokin golf sun tabbatar da ita ta bayan gida, domin hukumomin R&A da USGA sun haramta mariƙin da aka sassaƙa wa gurbin yatsu, sun kuma wajabta ya zama kewayayye in ban da na sandar turi. Ba a haramta abin da ba ya taimako. Amma dole a rarrabe kwarmin da ya gama samuwa da hanyar da aka bi kafin ya samu. Gurbin yana taimakon mai shi ne domin ya zama shinge da ke tsayar da zamewa, wato ya gyara aibin da ƙotar ta zo da shi tun daga hannun masassaƙi, bayan damina da yawa na matsin da bai kamata a yi ba. Kuma taimakonsa na mutum ɗaya ne a aiki ɗaya. A ranar gayya, ko a hannun ɗan ƙwadago da aka miƙa wa fartanyar gida, gurbin wani yana tilasta wa yatsa zama inda ba wurinsa ba.

Suka ta uku tana dogara da tambarin riƙo: idan kowa da salonsa, har a cikin ƙwararru, da wane ma'auni za a ce wani ya yi yawa? Wannan suka tana rushe koyarwar da ke cewa akwai matsi guda ɗaya daidai ga kowa, kuma takardar ta yarda da rushewar. Ba ta taɓa matsayin da aka ɗauka a nan ba, domin abin da ake karantawa a jikin mariƙi motsi ne. Mutum biyu suna iya bambanta ƙwarai a ƙarfin riƙo, dukansu kuma ƙotocinsu su zauna lafiya idan yatsunsu ba sa zamewa.

Akwai kuma masu cewa maganin feshi da garmar shanu da tarakta sun sa batun ya tsufa. Feshi ya rage noman ciyawa a gonakin masara da shinkafa, babu musu. Amma a gonar da aka haɗa dawa da wake da gyaɗa maganin da ya dace da ɗaya yana iya kashe ɗaya, garmar shanu ba ta shiga gindin shuka, fangalin mai noman rani kuma da hannu ake gyara shi ana buɗe wa ruwa hanya.

6.0 Abin da ya shafi masassaƙa da malaman gona

Idan asalin kwarmi zamewa ce, gaya wa manomi ya sassauta riƙo ba zai yi amfani ba, domin ba da niyya yake matsewa ba. Jijiyoyinsa ne ke lissafin santsi suna ƙara ƙarfi. Gyaran yana wurin mai sassaƙa da mai ƙira. Ƙotar da aka ɗan shafe gefunanta biyu ta zama mai siffar ƙwai a yanke ta fi kewayayya tirje wa murɗawa, kamar yadda ake yi wa ƙotar gatari da guduma a masana'antu, kuma dokar da ta hana 'yan golf wannan ba ta hau kan manomi ba. Sassaƙa ƙota a kauri biyu ko uku maimakon ɗaya ba ya ƙara wa masassaƙin kasuwar Rano ko Kibiya wani kuɗin itace, yana kuma ba mata da matasa abin da ya dace da tafinsu. Barin ɗan kaushi a wurin riƙo, da sake kankare shi idan ya yi sheƙi, ya fi gogewa sumul da ake yi don jan hankalin mai saye. Naɗin robar tayar keke da ake yi wa ƙotar da ta tsage yana ƙara kamu a bushe kuma yana rage girgiza, amma yana yin santsi da zufa kuma yana ƙara kauri, saboda haka ya fi dacewa da siririyar ƙota a aikin rani fiye da maimai a tsakiyar damina. Malamin gona da ke zagaya Zinyau da maƙwabtanta yana iya fara bincikensa da karɓar fartanya ya girgiza ruwanta, ya dubi inda kwarmi yake da zurfinsa, ya sa mai ita ya riƙe don a ga ko kan yatsunsa sun kusa taɓa tudun babban yatsa ko sun nutse a ciki, kafin ya tambaye shi ko wuyan hannunsa na ciwo.